Tsiron Baba a Gwangwanin Madara

Wata la'asar Baba ya dawo gidanmu na Samaru da wani tsiro a gwangwanin madara, dunƙulalle kamar lemo, duk jikinsa ƙaya. Mama ta tare ƙofa.

"Tinya ce, Malam. Nononta makantar da yaro yake yi."

"Ba tinya ba ce, daga Kudancin Amurka yake. Ba ni allura."

Ya tsikari tsiron, ya ɗaga ni in duba. Ruwa ne garai-garai, babu farin nono.

Da hadari ya haɗo, Baba ya ce yawan ruwa na ruɓar da shi. Kafin ya miƙe, Mama ta shigo da gwangwanin tana mita.

Har yau in na kalli 'ya'yan tsiron a tagata, mitar nan nake ji, in yi murmushi.