Gurbin Auta

Ranar ƙarshe ta karɓar ɗalibai, wani tsoho direba ya riƙe tagar ofishin kwalejin da hannu biyu.

"Ki dubi Allah, 'yata. Sakamako, takardar haihuwa, wasiƙar malaminta, me autata ba ta kawo ba? Ta ce kun ƙi ɗaukarta. In durƙuso kike so, zan durƙusa."

Ma'aikaciyar ta duba kwamfuta.

"Baba, ita ta zo ta ɗaya. Da ƙafarta ta dawo mana da gurbin. Wai likitanka ya gaya mata abin da ya ɓoye maka game da ciwonka, za ta zauna ta yi jinyarka."

Tsohon ya share fuska da hularsa.

"Ni ya fara gaya wa. Shi ya sa nake sauri. Mayar da sunanta."