Hannun da Ya Ƙi Buɗewa

"Yanzu ki ce masa ya buɗe," in ji likitar. "Ba da baki ba, da zuciya. Jijiyoyin da suka rage a dungun hannunki su za su kai masa saƙo."

Matar ta dubi sabon hannun da aka ɗaura mata, mai yatsun ƙarfe da roba. Tun da aka kunna shi ya dunƙule. Ta yi, ta yi, har gumi ya karyo mata, ko ɗan yatsa bai motsa ba.

Mijinta yana tsaye jikin taga, ya ba su baya. Shekara biyu ke nan da babbar mota ta ƙwace ta afka wa masu tsallaka titi, ta tafi da hannun matar na dama da 'yarsu mai shekara huɗu. Bai taɓa ɗaga mata murya ba. Sau ɗaya kawai, bayan jana'iza, ya ce, "Da kin riƙe ta da kyau." Daga nan magana ta ƙare tsakaninsu, sai gaisuwa.

Likitar ta sauya batir, ta duba wayoyi, ta ƙura wa allon kwamfuta ido.

"Na'urar lafiyarta ƙalau, baiwar Allah. Ke ce kike matsewa. Umarni ɗaya jijiyoyinki suke ta aikowa, ba hutu. Me kika riƙe haka?"

Mijin ya juyo a hankali. Ya durƙusa gabanta, ya sa hannu biyu zai ɓamɓare yatsun, suka ƙi.

"Ka gani ko, Malam?" in ji matarsa. "Ban sake ta ba."