Gangar Gidan Cooper

Jaka ɗaya, takardar digiri, da allon bango mai zanen ganga. Da su na hau mota daga Kingston, babban birnin Jamaika, zuwa ƙauyenmu, bayan shekaru a Landan ban aiko da ko allura ba.

Mama ta tare ƙofa tana leƙen bayana.

Na miƙa mata allon. "Asalin sunanmu ne. Cooper na nufin mai ƙera gangar zuba kaya."

"Sannu, masani," in ji ta. "'Ya'yan maƙwabta da ke ƙasar waje ba su gaji ganga ba, amma duk Kirsimeti sai sun aiko da ita cike da shinkafa da takalma. Kai magajin sana'ar, hotonta ka kawo."

Ta mayar mini da allon, ta rufe ƙofa.

"Kwana a cikinta. Sai ta gaske ta iso zan buɗe."