Murjanin Gidan Tabawa

Dokar tsibirin guda ce. Kowane gida yana da murjaninsa a ƙarƙashin teku, ranar da ya mutu ya yi fari kuwa, gidan zai kwashe kayansa ya bar tsibirin. Na Tabawa ya yi fari fat tun makon jiya, ga mai duba zai zo da hantsi.

Ta kasa zaune ta kasa tsaye.

"Yaya, ki zauna mana, kina sa ni jiri," in ji ƙanenta Ɗanlami. "Fentin ya kama, ni na shafa."

"Kai da ko bango ba ka iya shafawa ba?"

Da mai duba ya iso, suka goya tukwanen iska suka nutsa tare. Murjanin ya yi ja wur, na maƙwabta ma haka, ja iri ɗaya. Ko kifi guda bai gifta ba.

Mutumin ya daɗe yana kallo, sannan ya ɗaga mata babban yatsa, alamar sun tsira. A gefen farcensa Tabawa ta ga sauran jan fenti.