Littafin da Na Ce na Ladi Ne

Baba direba ne a jami'a, kuma yana da wani littafin rubutu mai jan bango, duk baƙin mai ya yi masa tabo. A ciki yake tara salon maganar Turanci da yake tsinta a bakin malaman da yake tuƙawa, kowace kalma da shafinta. Ran nan da la'asar, a tsakar gidanmu na Samaru, ya miƙo mini shi ya ce, "Malama, zo ki yi mini jarrabawa." Lokacin ina aji shida.

Muka buɗe shafin "take". Na ce, "Take it easy?" Ya ce, "Bi a hankali." Na ce, "Take care?" Ya ce, "Kula da kanka." Sai murna yake yi, har da tafa hannu.

Sai ga Rifkatu 'yar ajinmu, wadda babanta farfesa ne. Ta gaishe shi, ta leƙa littafin, ta ƙyalƙyale da dariya. "Wannan jagwalgwalon fa, rubutun wa ne?"

Na ce, "Na ƙanwata Ladi ne."

Baba ya dube ni, ya dubi littafin. Sannan ya ce, "E, nata ne. Tana dai ƙoƙari." Ya karɓa ya sa a aljihu, ya fita wanke mota.

Bai ƙara kirana Malama ba. Yau Turanci nake koyarwa a Sabon Gari, littafin kuma yana cikin akwatina. Layi bakwai ne a shafin "take" ɗin nan, sauran fari fat. Ni na tsayar da Baba a nan.