Hannun Katako

Narkakkiyar dalmar ta sake zubewa a kan allon cikin wayar, ta haɗe layuka biyu da bai kamata su haɗu ba. Yaran da ke bayansa suka ƙunshe dariya. Baban Aji ya ajiye ƙarfen narkar da dalmar, ya goge gumi da hannun riga.

Yaran ajin ne suka laƙaba masa wannan suna, don a haife ya haifi yawancinsu. Rabin rayuwarsa a masaƙa ya yi shi. Da aka rufe ta, sai ya koma dakon kaya a wani shago da safe, da rana kuma ya zo kwalejin koyon sana'a, ajin gyaran waya. Kullum ta ƙofar baya yake shiga, kada wani tsohon abokin aiki ya hango shi da jakar ɗalibai.

Ran nan, da aka tashi, bai miƙe ba, sai da ajin ya watse.

"Malam, ni dai na haƙura," ya ce. "Idona ba ya gani, hannuna rawa yake yi. Na tsufa da wannan abin."

Malamin bai yi masa wa'azi ba. Ya jawo aljihun teburin na hagu, ya ɗauko wani allon gwaji.

"Wannan na mai zama a kujerarka ne a ajin safe. Ban san shi ba, ba ni nake koyar da su ba. Amma duba aikinsa. Kuma an ce ko fashi bai taɓa yi ba."

Baban Aji ya duba. Dalma curi-curi kamar kashin awaki, wani gefen har ya ƙone. Nasa ya fi wannan nesa ba kusa ba. Karon farko tun shigarsa makarantar, ya yi dariya.

Daga ranar ya samu abin da ke kawo shi aji. Kafin ya zauna sai ya leƙa aljihun hagu, ya ga ɓarnar da na safe ya yi, zuciyarsa ta yi sanyi. Ya sa masa suna Hannun Katako. Hannunsa ma ya fara nutsuwa, har ya tayar da wata waya da ta daɗe a mace.

A gida ma labarin ke nan. Matarsa tana zuba masa abinci, da tsumma ɗaure a yatsa saboda ƙunar tukunya, shi kuwa yana kwaikwayon yadda Hannun Katako zai riƙe ƙarfe.

"Wataƙila wutar ƙarfen ce take yi masa yawa," ta ce.

"Ke me kika sani? Ƙwaƙwalwar ce babu."

Ta yi murmushi, ta tura masa ruwa.

Wata ranar hutu ƙaninta ya zo da abokansa biyu. Ɗayansu ya tambaya cikin zolaya ko da gaske ne Yaya ya koma ɗan makaranta. Kunya ta kama shi. Ya yi sauri ya ciro waya, ya nuna musu hoton allon na safe da ya ɗauka.

"Ni ai gwani ne. Ku ga wanda ya kamata a kora. Irin wannan ya zauna a gida kawai, ya daina ɓata wa mutane kujera."

Wayar ta zagaya hannu zuwa hannu, ana ta ƙyaƙyatawa. Ƙanin ya ce a tura masa hoton. Har matar aka miƙa wa ta gani, ta duba, ta kwashe kofuna ta shige ciki.

A makon da ya biyo, allon da ke aljihun hagu bai canja ba. Washegari ma haka. Ƙura ta fara hawansa. Baban Aji ya rinƙa buɗe aljihun yana rufewa, ya rasa abin da ke damunsa.

Ana cikin haka malamar ajin safe ta leƙo bayan an tashi, ta ce wurinsa ta zo.

"Baba, alfarma nake nema. Ɗalibata mai zama a kujerarka ta daina zuwa."

"Mace ce?"

"Mace ce, kuma babba. Na kira ta, ta ce wai wani ya ɗauki hoton aikinta ana yawo da shi ana dariya. An ce kai ma ka so bari, ka dawo. Maganar sa'anta za ta fi shigarta a kan tawa. Ka raka ni gidanta."

Ya tsine wa ƙanin matarsa a zuci, don shi kaɗai ya san ya tura wa hoton. Ya so ya ce yana da uzuri, amma malamar ta riga ta ɗauki makullin mota.

A hanya ya sunkuyar da kai, yana harhaɗa abin da zai faɗa wa baiwar Allah. Zai ce mata kowa da haka ya fara. Zai ce wanda ya yi mata haka ba shi da mutunci. Ba zai ce shi ne ba.

"Abin tausayi," in ji malamar tana rage gudu. "A ɓoye take zuwa. Ta ce maigidanta ma yana koyon aikin a wani wuri, idonsa ba shi da ƙarfi, shi ne take so in ya buɗe shago ta riƙa yi masa ƙananan aikin. Mun iso."

Baban Aji ya ɗaga kai. Malamar ta riga ta fita, tana ƙwanƙwasa ƙofar gidansa.