Hatimin Likita Gmyrek

Shekara goma sha bakwai Irek yana gadin wurin da titin mota ya ratsa layin dogo a bakin garinmu. Jirgi zai zo, ya sauke shinge. Ya wuce, ya ɗaga. Bai taɓa makara ba ko sau ɗaya. Wannan ɗan ɗakin gadin ne kaɗai inda duniya ke bin ƙa'ida yadda yake so, ba hayaniya, ba mai cewa sai ya kalle shi cikin ido.

Irek yana da otizim, wato ƙwaƙwalwarsa na da nata tsarin daban da na yawancin mutane. Kuma wanda zuciyarsa ke so namiji ne, wani mai gyaran keke da ake kira Lucjan. Garinmu bai san sunan na farkon ba, na biyun kuwa zarginsa ake yi, sai abokan aiki suka haɗa masa duka a tsokana ɗaya. Har jan-baki aka taɓa saka masa a kwanon abinci. Ya daina barci, ya daina ci.

Lucjan ne ya samo masa Madam Jolanta a birnin Lublin, ƙwararriya a kan damuwa da lafiyar tunani. Ba ta ce za ta gyara shi ba. Da ta ga hasken fitila na damunsa sai ta rage, ta bar shi yana magana yana kallon taga, tana tambayar lafiyar Lucjan kamar yadda ake tambayar iyalin kowa. Wata huɗu yana zuwa duk Laraba. Ya dawo da cin abinci, har ya iya zama ya rubuta ƙarar masu tsokanarsa ga shugaban tasha.

Wannan sauƙin ne ya tayar wa yayarsa Bożena hankali. Ita ta raine shi, ba ta taɓa ganin ya sake haka ba, don haka ta yanke cewa akwai wata a ƙasa.

"Wane magani ta ba ka?"

"Babu. Magana muke yi."

"Takarda fa? Nuna mini hatiminta."

"Ba ta buga hatimi, Yaya."

"Ashe likitar surutu ce. In surutu na warkarwa, ai ni tun kana rarrafe nake yi maka."

Kada ku yi wa Bożena dariya da wuri. Mu mutanen nan, duk takardar da ba a buga wa hatimi ba gaisuwa ce kawai. Likitan da bai yi maka faɗa ba kuwa, mun tabbata akwai abin da yake nema a wajenka.

Ta shiga bincike. Ta tambayi matan coci, ta tambayi mai kantin magani, ba wanda ya san matar. Ta kira Madam Jolanta a waya, ita kuma ta ce mata cikin ladabi ba ta fitar da zancen wanda take gani sai da izininsa. Bożena ta ajiye waya tana kaɗa kai. Ga shaida ta samu, matar na ɓoye wani abu.

Ranar Laraba ta tare shi a ƙofa da kwalin cakulan da ƙunshin kofi, ta ce yau wajen likita na gaske za su, Likita Gmyrek, wanda ya duba mahaifiyarsu har ta rasu. Irek bai iya yi wa yayarsa musu ba. Likitan ya karɓi cakulan, ya saurari Bożena ta zayyane komai har da Lucjan, bai tambayi mai jikin ko kalma ɗaya ba. Ya rubuta ƙwayoyin kwantar da hankali masu sa gyangyaɗi, ya ba da shawarar aure, ya cika takarda ya buga mata hatimi har biyu.

Bożena ta rungume takardar. Washegari, ba tare da ta gaya wa Irek ba, ta kai wa shugaban tasha da hannunta, don a san ƙanenta ba shi da lafiya, a tausaya masa a daina tsokanarsa.

Shugaban ya karanta sau biyu, ya yi mata godiya sosai, har ya raka ta bakin ƙofa. Da ma ƙarar Irek ta tsaya masa a wuya. Yanzu ga hujja da hatimi: mai shan ƙwayar gyangyaɗi ba ya gadin layin dogo. Ranar Litinin aka karɓi makullin ɗakin gadi. Ƙarar kuma aka jefa ta a durowa, an ce sambatun mara lafiya ne. Sauran abin da ke cikin takardar, har da zancen Lucjan, kafin Juma'a har mai gidan burodi ya haddace shi.

Da izinin Irek, Madam Jolanta ta rubuta wa tashar wasiƙa shafi uku, tana bayanin cewa lafiyarsa ƙalau, aikinsa ne shaida. Irek ya kai ta da kansa. Shugaban ya juya ta gaba da baya, ya dube shi.

"Ina hatimin?"

Yanzu Irek na wuni a kicin ɗin Bożena. Ƙarfe biyu da minti goma sha huɗu, idan jirgin Lublin ya yi kuka daga nesa, sai ya miƙe tsaye, hannunsa na laluben abin sauke shinge a jikin bango. Bożena takan juya baya ta ci gaba da feraye dankali. Kwanan baya ta ce wa maƙwabciyarta ita dai har yau ba ta yarda da matar Lublin ɗin nan ba.

Mai karatu, idan ɗan'uwanka ya sami ƙwararren da ke saurarensa yadda yake, ba tare da neman sauya shi ba, kuma ka ga ya sami sauƙi, to sauƙin nan shi ne shaidar da kake nema. Sirrin lafiyarsa kuma nasa ne, ba ka da ikon kai shi ko'ina, ko da tausayi ne ya sa ka.